Wace kalma ta dace da bakteriyar da magani ya daina ci?

Assalamu alaikum malamai da 'yan uwa. Ina so mu tsayar da magana ɗaya a kan abin da masana lafiya ke taƙaitawa da haruffan AMR, wato halin da ake shiga idan maganin da ya saba kashe ƙwayar cuta ya daina yi mata komai. Zan tsaya a kan bakteriyar hanji da ke shigowa ta abinci, domin a kanta lamarin ya fi fitowa fili. A rubuce-rubuce da labaran rediyo ana cewa juriya, ana cewa bijirewa, wasu su ce turjiya, kuma kowace tana kai mai sauraro wani wuri dabam. Shawarata ita ce mu ɗauki gagarar magani.

Kafin a zaɓi suna, ya kamata a ga abin da za a raɗa wa. A ɗakin gwaji ana shafa bakteriyar da aka samo daga majinyaci a kan faranti mai ɗauke da abincinta, a jera ƙananan takardu masu zagaye a kai, kowace an jiƙa ta da magani dabam, sannan a ajiye farantin a wuri mai ɗumi ya kwana. Da safe za a tarar bakteriyar ta rufe farantin, sai dai kewayen kowace takarda akwai fili fes inda maganin ya hana ta tsirowa. Idan aka ga wata takarda da bakteriya ta tsiro har bakinta, ba ta bar ko ɗan fili ba, to wannan shi ne abin da muke nema wa suna.

Lamarin kuwa ba ƙarami ba ne. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015 ya nuna mutum miliyan 600 ke kamuwa da cuta ta hanyar abinci a kowace shekara, 420,000 daga ciki su rasu, kuma 125,000 daga mamatan yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 ne suka mutu kai tsaye saboda bakteriyar da magani ya kasa ci.

Juriya ita ce ta farko da nake ganin ya kamata mu ajiye. A Hausa kalmar yabo ce, ana faɗarta ga mai haƙuri da wahala, kuma da zarar an ce juriyar magani sai mai sauraro ya ɗauka jikin majinyaci ake nufi. Wannan kuskure ya riga ya yi yawa a bakin mutane, masu cewa jikinsu ya saba da magani. Jikin mutum ba ya sabawa da antibayotik, wato maganin kashe bakteriya, ta wannan fuska, bakteriyar ce ta canza, shi ya sa wanda bai taɓa shan wani magani ba a rayuwarsa zai iya kamuwa da irin da maganin ba ya ci.

Bijirewa ta fi ta kusa, kuma ta samu karɓuwa a kafafen labarai, amma tana ɗauke da ma'anar niyya, kamar bakteriya ta ga magani ne sannan ta yanke shawarar ƙin bin umarni. Turjiya ma haka. Abin da ke faruwa kuwa ba haka yake ba. A cikin miliyoyin bakteriya akan samu 'yan kaɗan da wani sauyi ya riga ya auku a ƙwayoyin halittarsu: wata tana fitar da sinadarin da ke farfasa maganin, wata tana tunkuɗo shi waje kafin ya yi aiki, wata kuma gurbin da maganin ke kamawa ne ya sauya siffa. Idan aka ba da magani sai ya share sauran, waɗannan kaɗan su samu fili su hayayyafa. Bakteriyar Kamfilobakta, wadda ke zaune a hanjin kaji ba tare da ta kwantar da su ba, sauyi ɗaya a wani gurbi na ƙwayar halittarta ya isa ya sa maganin sifurofuloksasin ya kasa cinta, kuma wannan ne ya sa Amurka ta hana ba wa kaji enrofuloksasin, ɗan uwansa, a 2005. Tarayyar Turai ma ta haramta zuba antibayotik a abincin dabbobi don ƙara musu girma tun 2006. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne bakteriya na miƙa wa juna wannan hali, har tsakanin jinsi da jinsi, kamar yadda aka gani a Sin a 2015 lokacin da aka gano ƙwayar halittar mcr-1 a bakteriyar I-kolai ta dabbobi da ta mutane, wadda ke karya ƙarfin kolistin, maganin da likitoci ke ajiyewa sai sauran sun kasa.

Gagara ba ta jingina wa bakteriya wata niyya, tana faɗin sakamako ne kawai daga ɓangaren mai magani: an gwada, abin ya gagara. Tana kuma haihuwar sauran kalmomin da marubuci ke buƙata ba tare da an tilasta mata ba. Za mu ce bakteriyar ta gagari magani, mu kira ta gagararriya, jam'inta gagararru, mu kira halin gagarar magani, har ma mu gina gagara-magani a kan tsarin gagara-gasa da gagara-misali da kunne ya riga ya sani.

Ina roƙon kuma mu riƙa ambaton bakteriya da sunanta a maimakon ƙwaya zalla, domin ƙwaya a Hausa tana nufin ta cuta tana kuma nufin ta magani, kuma ƙwayoyin cuta sun haɗa har da bairus, wanda antibayotik ba ya taɓawa ko kaɗan.

Akwai rauni ɗaya a kalmar da na kawo, kuma ya dace a faɗe shi. Mai jin an ce gagararriya zai iya ɗauka babu sauran magani, ya fid da rai, alhali sau da yawa wani maganin na nan yana aiki. Gyaransa shi ne kada marubuci ya bar aikatau ɗin babu karɓau, ya faɗi abin da aka gagara. Misali, maimakon a ce taifot ya zama gagararre a Pakistan, sai a rubuta cewa tun 2016 aka samu irin Salmonela mai kawo taifot a lardin Sindh wadda ta gagari ampisilin da kuloramfenikol da kotirimoksazol da sifurofuloksasin da seftiriyakzon, amma azitiromaisin yana cinta.