Tace intanet a wayar yaro: ta ina ake farawa, kuma tauye haƙƙi ne?

Uwar yara, Mabera:
Assalamu alaikum. Yaro ɗan shekara 11 yana aikin makaranta da wayar Android. Yaya za a toshe mashi shafukan batsa da caca ba tare da an hana shi bincike ba? Wasu kuma na cewa wanga abu tauye 'yancin faɗin albarkacin baki ne.

Mai gyaran waya, Gawon Nama:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki saka Family Link, manhajar Google ta sa ido kan wayar yara, a wayarki, ki buɗe ma yaron asusu da shekarunsa na gaskiya, ki haɗa da wayarsa. Daga nan ba manhajar da zai sauke daga Play Store sai da izininki, kuma kina iya sa wayar ta kulle da dare. In Android 9 ce ko sama, ki shiga saiti, ki nemi Private DNS, ki rubuta family.cloudflare-dns.com. Yana tare batsa, amma caca sai kin toshe shafukan da hannu a Family Link, ɓangaren Chrome.

Inda ake faɗuwa shi ne VPN, manhajar ɓoye hanyar shiga intanet, da Opera Mini. Suna bi da shafi ta nasu na'urorin, sai shingen ya zama hoto. Kada ki yarda a sauke su, kuma ki riƙa leƙa saitin Private DNS ɗin, yaro mai wayo na iya goge shi.

Malamar sakandare, Runjin Sambo:
Hajiya, abin da aka turo ta WhatsApp, Xender ko memori, matacin bai ganinsa sam. Zagi da batsa da Hausa ma sau da yawa wucewa suke yi, alhali darasin balaga ko sankarar mama yana iya toshuwa. In ya ce shafin karatu ya ƙi buɗuwa, ki duba da kanki ki buɗe mashi.

Lauya, Arkilla:
Sashe na 39 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba kowa 'yancin magana da karɓar bayani, amma uwa mai tace wayar ɗanta tarbiyya take yi. Dokar kare bayanai ta 2023 ma izinin iyaye take nema kafin a sarrafa bayanan yaro. Matsala na tasowa ne in hukuma ta ce don yara za ta toshe ma kowa daga kamfanin sadarwa. An ga yadda rufewa daga sama take lokacin da aka dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022: babba da yaro duk ta shafa, ba mai iya buɗewa daga gidansa sai ta VPN. Naki kuwa makulli na hannunki. Ki gaya mashi kin saka, ki riƙa sassautawa yana girma.