Ina son haɗa TV da wufa a ɗaki, kuma sola ce wutarmu, a taimaka da shawara

Ɗan_Ringim:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu sani ku taimaka min, bikina ya matso bayan girbi in sha Allah, ina son in haɗa kayan kallo a falo yadda in an saka fim ko waƙa za a ji daɗin sauti. Ƙauyenmu babu wutar gwamnati ko kaɗan, sola nake da ita, fanel ɗaya mai wat 200 da batir mai 100Ah da ƙaramar inbata. Wani abokina ya ce in sayi TV inci 43 da hom tiyata mai sifika biyar, wai in ba haka ba ban yi komai ba. Mu kuma kallon namu bai wuce fim ɗin Hausa da fassarar Indiya da ake tura mana a filash ba, sai Arewa24, da safe kuma karatun Alƙur'ani. Ɗakin bulo ne, rufin kwano, ban yi silin ba tukuna. Me ya kamata in saya?

Injiniya_Gumel:
Wa alaikumus salam ango, Allah ya sanya alheri. Kafin ka je kasuwa zauna ka yi lissafin wuta, don ita ce za ta faɗa maka abin da za ka saya ba abokinka ba. Batir mai 100Ah a kan bolt 12 wat 1200 ke nan na awa ɗaya a lissafi, amma in ba lithium ba ne rabi kawai ake so ka ci, in kana zuƙe shi tas kullum ba zai daɗe ba zai mutu, ka ga 600 ce taka. TV inci 32 tana jan wajen wat 40 zuwa 50, wufa ƙarama in ba ka ƙure ta ba wajen 30, dikoda 10, ita kanta inbatar tana cin nata ko ba ka jona komai ba. Ka ce 100 gaba ɗaya. Daga bayan isha'i zuwa sha biyun dare ka ci wajen 400, saura kaɗan na ƙwai da cajin waya. To yanzu ɗora inci 43 a kai da sifika biyar, sannan ga fanka lokacin zafin Afrilu, wallahi fim bai kai rabi ba inbata za ta fara kuka.

Sannan ka duba jikin inbatar taka, in ba a rubuta pure sine wave ba akwai yiwuwar ka riƙa jin wani zuuu a cikin sifika ko ba a saka komai ba, wannan ba laifin wufar ba ne, wutar ce ba ta fita sumul. Ni da zan ba ka shawara ma ka nemi TV mai aiki da DC bolt 12, kai tsaye daga batir, ka huta da asarar da inbata take yi.

Maman_Hanifa:
Ƙanina ka bar zancen sifika biyar ɗin nan. Wayoyi ne za su bi bango ta ko'ina, ga ɓera ga shara ga ƙurar hunturu, kuma amarya ce za ta sha wahalar gogewa kullum. Ka sa mata yadi ta riƙa rufe kayan kallon in ba a kallo.

Injiniya_Gumel:
Hajiya ta faɗi gaskiya, kuma akwai wani dalilin ma. Abin da ake nufi da 5.1 sifika biyar ne da wufa ɗaya, uku a gaba biyu a baya, amma sai in an haɗa sautin fim ɗin a haka tun asali sannan na bayan za su yi aikinsu. Finafinan da masu turi suke zuba mana a filash yawanci sautinsu hanya biyu ce, dama da hagu, an ma matse su don kar su ci wuri. Ka ga kuɗin sifika uku ya tafi a banza. Ka sayi 2.1, wato ƙanana biyu da wufa ɗaya. Kar kuma wat 5000 ɗin da ake rubutawa ƙato a kwali ya ruɗe ka, in ka ga PMPO a gefensa talla ce kawai, RMS za ka nema, shi ne ainihin ƙarfin sifikar, wat 40 zuwa 60 ya ishi falo.

Sani_Kazaure:
Ango abin da ba a taɓo ba shi ne ɗakin kansa. Bulo da siminti da kwano babu silin, sauti dukan bango yake yana dawowa, za ka ji kiɗa gum gum amma maganar 'yan fim ba ta fita, musamman fassara da mai magana yake sauri a kan kiɗa, sai ka yi ta ƙara murya abin yana ƙara cakuɗewa. Shi ya sa in ka shiga ɗakin ƙasa mai rufin azara za ka ji ko rediyo ta fi daɗi. Kuɗin da za ka ƙara na inci 43 ka yi silin da shi, a shimfiɗa kafet, labule mai kauri, kujeru ma suna shanye amon. Da damina kuma in ruwa ya sauka a kwano babu silin ko me ka kunna ba za ka ji ba.

Ƙananan sifikun ka sa ɗaya dama ɗaya hagu da TV, daidai tsayin kunnenka in kana zaune, kar ka rataye su can sama kusa da kwano. Wufa a ƙasa, ka ɗan janye ta daga lungu, in bangon nan ɗaya ne da ɗakin su Baba to ka canza mata gefe don bes, wato gum gum ɗin wufa, ratsa bango yake yi, tsofaffi kuma da wuri suke kwanciya. Ka jona da waya ba Bluetooth ba, shi wani lokacin baki yana motsi magana na zuwa daga baya.

Ɗan_Ringim:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Inci 32 da 2.1 ɗin zan ɗauka, silin kuma zan yi wa kafinta magana. Injiniya in na shiga kasuwar Sabon Gari me zan gwada kafin in biya?

Injiniya_Gumel:
Ka tafi da filash ɗinka da finafinan da kuka saba kallo, a saka a gabanka, wata TV ɗin tana nuna hoto amma ta ƙi karanta sautin wasu finafinan. Ka leƙa bayanta ka tabbatar akwai ramin fitar da sauti da ya dace da wayar wufar, don wasu na shiga kawai gare su. A saka karatu ko labarai ka ji fitar magana, kar mai shago ya cika maka kunne da kiɗa, kuma ka karɓi rasit.