Sarƙar kekena tana tsallake haƙori idan na danna feda

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kekena na hawan tudu ne, mai shok a gaba kawai, giya 21. A burtalin gonaki nake hawansa wajen Daura, duk yashi da tsakuwa.

Tun da na sa sabuwar sarƙa, da na miƙe na danna feda a hawa sai ta yi ƙat, ta tsallake, ƙafata ta zame. A ƙananan giyoyi biyu na baya kaɗai take yi. Na wanke da kananzir, na sa mai, mai gyara ya daidaita wayar giya, amma ba ta canza zani ba. Idan aka ɗaga taya aka juya da hannu kuwa, lafiya lau. Haƙoran biyun sun yi tsini sosai.

Don Allah, firiwil ɗin, wato jerin giyoyin da ke jikin tayar baya, shi ne ya cinye har sai na sake shi?