Muryar dagaci tana guduwa da an fita dandali, ina mafita?

Assalamu alaikum, malamai masana wasan kwaikwayo. Ga wata matsala da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a ƙungiyarmu, nan wani ƙauye kusa da Ringim.

Saurayi ne ɗan shekara 22 zai fito a matsayin dagaci, dattijo mai shekara 70. A zaure lokacin gwaji, lafiya lau: yana jan magana a hankali, ya dogara sanda, ya ɗan yi shiru kafin ya ce "To, madalla." Amma da an fita dandali, inda babu lasifika kuma ɗan kallo na baya yana nesa da taku 20, sai ya ɗaga murya, dattijon ya gudu, saurayin ya dawo. In kuwa ya matse ta a maƙogwaro don ta yi kauri, kafin minti 10 ta dishe. Abin da ya fi muni, karin sautin kalmomi, wato hawa da saukar murya a kansu, yakan baje: ya ce "ku jira ni gindin kuka," kukar ta fito kamar kukan yaro, jama'a su fashe da dariya inda ba a so.

An gwada numfashi daga ciki, a shaƙa ana ƙirga huɗu, a saki ana ƙirga takwas. An gwada ruwan ɗumi da zuma, an kuma ɗauki muryarsa a waya yana saurara. Numfashin ya gyaru, maƙogwaron ne har yanzu a matse, ƙurar hunturu kuma ba ta taimaka ba.

Shin a haƙura da kaurin muryar, a bar tsufan ya fito ta jinkiri da tsayawa? Ko akwai atisayen da ke sakin maƙogwaro ba tare da an kashe karin sauti ba? Saura mako biyu a yi wasan.