Pon na baya yana kuka tun da na ratsa kori

Mai Hilux na Birni: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku ba ni shawara, hankalina a tashe yake. Hilux ce gare ni mai shan gazuwal, na saye ta hannun mijin yayata shekara uku ke nan, har yau da sauran kuɗinsa a kaina, shi ya sa ba na so zancen nan ya kai kunnensa. Ran Juma'a na kai amarya wani ƙauye bayan Mirya. An kwana ana ruwa, da za mu dawo muka tarar kori ya kawo. Mata na ta salati, gwaggon amarya na cewa a jira, ni kuwa ina da kayan ɗauka a kasuwar Dole ta Damagaram. Na sa kat-kat, wato giyar da ke jan tayoyi huɗu, na afka, ruwa ya kusa rufe tayoyi, Allah ya fid da mu. Tun ranar, in na hau kwalta na wuce 60 sai in ji kuka daga baya, wuuu, in na ɗaga ƙafa ya lafa. Bidanj kuwa, wato canjin mai, ban taɓa wasa da shi ba, duk wajen kilomita 5000 nake yi bisa kintace. Jibi zan tafi Tanut da kaya.

Direban Gure: Wa alaikumus salam. Bidanj na me? Na inji ko na pon, wato akwatin haƙoran da ke raba juyi ga tayoyi?

Mai Hilux na Birni: Na inji mana. Shi pon ai ba ya ɗiga.

Tsohon makanike: Ɗana, nan gizo ke saƙa. Motarka wuri huɗu take shan mai bayan inji: bwat (akwatin giya), taransfer (mai raba juyi tsakanin gaba da baya), pon na gaba, pon na baya. Shekara uku ba ka buɗe ko ɗaya ba. Kowane pon yana da ɗan hancin numfashi a samansa. Ka taho da shi da zafi ka tsoma cikin ruwan sanyi, iskar ciki ta tsuke, ya zuƙi ruwa ta hancin nan ko ta bakin juwan, robar da ke hana mai ɗiga. Gobe da safe ka buɗe bushon, wato murfin ramin mai. Na zubawa za ka fara kwancewa kafin na tsiyayewa, kada ka zubar da mai sannan na sama ya ƙi buɗuwa ka zauna kana kallon mota. In man ya fito fari-fari kamar kunun gyaɗa, ruwa ne. Ka duba maganaɗisun da ke jikin bushon na ƙasa: baƙin gari mai laushi ba komai, amma in ka ga ɓarɓashin ƙarfe yana ƙyalli, haƙora ko rulma (ƙwallayen da ƙarfen ke juyawa a kansu) sun fara ci. Ka zuba man giya mai lamba 80W-90 GL-5 har ya fara dawowa ta ramin zubawa. Mai yawo cikin rairayi da kaya kamar kai, kada ya wuce kilomita 40,000 bai canza ba.

Alhaji mai shanu: Ni dai mai kauri mai lamba 140 nake zubawa. Da zafin Damagaram 90 ruwa yake zama. Ka zuba mai kauri kukan zai mutu.

Tsohon makanike: Alhaji, da girmanka, kukan zai ɓuya ne, ba zai mutu ba. Rufe kura da fatar akuya ke nan.

Direban Gure: Ni matsalata ma man kansa. Bara na sayi galan a bakin tasha, an rufe shi tsaf da hatimi, ashe tsohon baƙin mai ne aka tace. Wata biyu bwat ta fara ƙin shiga ta biyu. Na koma wurin mutumin ya rantse shi ma haka aka kawo masa. Wa za ka kama? Har yau da safe sai na yi ta lallashin giya kamar jaki.

Ɗan Magarya: Wataƙila ba jabu ba ne, yaya. Wasu bwat GL-4 suke so, GL-5 yana cin zoben tagullan da ke daidaita shigar giya. Kuma mai Hilux, in ponka na baya LSD ne, irin mai hana taya ɗaya yin ta juyawa ita kaɗai, mansa daban, ka duba takardar da ke manne jikinsa. Wace shekara ce motar ma? Kilomita nawa?

Mai Hilux na Birni: Agogon lissafin kilomita ya tsaya tun kafin in saya. Amma Baba, mijin yayata ya ce ya canza komai kafin ya ba ni, kuma mutum ne mai tsoron Allah. Ni ina zargin taya ce, don ta hagu ta ɗan ci gefe.

Tsohon makanike: Kukan taya ba ya sauraron ƙafarka. Kai da bakinka ka ce in ka ɗaga ƙafa yana lafawa. Ko da ya canza, wancan mai na shekara uku ne, ruwan kuma na ran Juma'a ne. Mai lita kaɗan ne pon na baya yake sha. Ka kwatanta da kuɗin kuron da pinyo, manyan haƙoran cikin pon, in sai an aiko maka daga Kano. Na gaba da taransfer ma ka leƙa su, ruwa ɗaya suka sha. Kuma ka tabbata ka cire kat-kat da ka hau kwalta? Tafiya da shi a kan kwalta na murɗe taransfer.

Mai Hilux na Birni: Na cire, sai dai ban tuna ko a Mirya ba ne ko da muka shigo gari. Matsalar gobe ina da zaman makoki a Zango, ba zan samu zuwa garaji ba. In na tafi a hankali, ban wuce 60 ba, ai kukan ma ba ya fitowa.

Alhaji mai shanu: Tafi abinka, Toyota ce. Tawa ta je Agadas da abin da ya fi haka.

Tsohon makanike: Minti ashirin ne aikin. Ka aiki yaro da ita.

Mai Hilux na Birni: To Baba, zan gani. Amma in na ƙara sabon mai a kan na cikin kawai, ba tare da na tsiyaye ba, zai kai ni Tanut in dawo?