Gudun kilomita 21: me ke sa ƙafa ta mutu a kilomita na 16?

Mai Sassarfa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Mutum yana gudun kilomita 10 cikin awa ɗaya ba wahala, sau uku a mako, amma idan ya shiga rabin gudun yada ƙanin wani, daga kilomita na 15 ko 16 sai ƙafa ta yi nauyi kamar an ɗaura mata dutse, sha-raɓa ta ɗaure, ƙarshe a ƙarasa da tafiya. Ina matsalar take, abinci ne ko atisaye? Kuma wane lokaci ya dace irin wannan ya sa wa ransa?

Ɗan Fili:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin a zo kan abinci, fara duba saurin da ake tashi da shi. Tsawon tseren kilomita 21 ne da kusan mita 100. Wanda ke cinye kilomita 10 a minti 60, abin da ya kamata ya sa a gaba shi ne awa 2 da minti 12 zuwa 20, ba awa 2 cif ba. Awa 2 cif tana nufin kowace kilomita a minti 5 da daƙiƙa 41, wato ya fi saurin da yake yi a kilomita 10 ɗinsa. Awa 2 da minti 15 kuwa minti 6 da daƙiƙa 24 ne. Ranar tsere ga jama'a ga kiɗa, jiki ya huta, sai mutum ya bi ayari ya cinye kilomita biyar na farko a minti 5 da rabi kowace, yana jin garau. Bashi ya ci, kuma a ta 16 ake zuwa karɓa. Kilomita uku na farko a yi su ƙasa da saurin da aka tsara da daƙiƙa 10 zuwa 15, ko da ana ganin dattawa suna wucewa.

Na biyu, kilomita 10 sau uku a mako ba ya koya wa ƙafa zama awa biyu a kan kwalta. Ana ware rana ɗaya don dogon gudu: a fara da 12, a riƙa ƙara ɗaya ko biyu duk mako, mako na huɗu a koma baya a huta, har a kai 18 ko 19 sau biyu kafin tsere. Wannan yakan ɗauki mako 10 zuwa 12. Dogon gudun a hankali ake yinsa, yadda za ka iya hira da na kusa da kai ba tare da haki ya yanke maka magana ba. Dogo na ƙarshe ya kasance saura mako biyu, daga nan a rage aiki zuwa kusan rabi.

Hajiya Mai Kambas:
Abin da Ɗan Fili ya faɗa haka yake, amma kada a raina ciki. Wanda zai wuce minti 90 yana gudu, sukarin da jiki ya ajiye a tsoka yakan yi ƙasa. Abin da ake so shi ne giram 30 zuwa 60 na sukari ko sitaci a kowace awa, a fara tun minti na 40, ba sai jiri ya zo ba. Ba dole sai jel ɗin kanti mai tsada ba, wato sukari mai kauri da ake sayar wa masu gudu. Dabino ƙanana uku, an cire ƙwallon an ƙulle a leda, sun kai kimanin giram 15. A ci uku duk bayan minti 25 ko 30 a bi da ruwa. Karin kumallo awa biyu zuwa uku kafin a tashi: koko da burodi, ko ayaba. Ƙosai da wake da duk mai maiƙo a bar su sai an dawo, in ba haka ba za a nemi bayan gida a tsakiyar hanya. Kuma duk abin da ba a gwada a dogon gudu ba, abinci ne ko takalmi ko safa, ba a fara shi ranar tsere.

Ruwa kuma, ka hau sikeli kafin gudun awa ɗaya da bayansa. Kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta gumi. Yawanci milimita 400 zuwa 800 a awa ya isa, kurɓi-kurɓi. Ɗirkar ruwa zalla fiye da ƙima ma yana da haɗari, yana tsinka gishirin jini.

Ɗan Fili:
Hajiya, milimita ko mililita? Kada wani ya je da ma'aunin tela.

Hajiya Mai Kambas:
Mililita, ɗan'uwa, na gode. Wato kusan fiya wata ɗaya zuwa ɗaya da rabi.

Baban Atisaye:
Batun ɗaurewar sha-raɓa, mutane da yawa suna ɗora wa rashin gishiri, suna ta shan ruwan gishiri da sukari, abin bai daina ba. Mafi yawan lokaci tsokar ce ta gaji da aikin da ba ta saba ba. Maganinta ƙarfafawa: ka tsaya a bakin matakala da ƙafa ɗaya, ka ɗaga dunduniya sama ka sauke ta a hankali, sau 15, zagaye uku, kwana biyu a mako, ka haɗa da tsugunawa da miƙewa. In ta ɗaure a hanya, ka tsaya ka tokare bango ko bishiya ka miƙe ta na daƙiƙa 20, sannan ka ci gaba da ƙananan taku.

Yanayi ma yana canza lissafi. Lokacin da aka samu da sanyin hunturu ba za a same shi a Afrilu ba. A bazara a tashi bayan sallar asuba, a ƙara wa kowace kilomita daƙiƙa 20 zuwa 30. In aka ji sanyi-sanyi da tsikar jiki a cikin rana, ko kai ya fara ruɗewa, a tsaya nan take a nemi inuwa da taimako. Takalmi ya zama akwai faɗin babban yatsa tsakanin yatsun ƙafa da bakinsa, don ƙafa tana kumbura, shi ke kawo baƙin farce. A shafa basilin a matse-matsi da hammata da kan nono, kuma rigar auduga a bar ta a gida, tana jiƙewa ta goge fata. Ciwon ƙwauri da ke zaune a wuri ɗaya, wanda yatsa ɗaya zai iya nunawa, ba na jurewa ba ne. A daina gudu a ga likita, ƙashi na iya tsagewa.