ESP32 na turo bayit 8, Python na jiran 5

ɗan_Rigasa:
Assalamu alaikum. Ina haɗa wa wani mai gidan burodi a nan Rigasa na'urar auna ruwan tanki. ESP32, ƙaramar kwamfutar da ke cikin na'urar, ke turo struct (ƙunshin bayanai a yaren C) ta USB, abu biyu ne a ciki: uint8_t lambar tanki, sai uint32_t awon ruwan. Na farko bayit 1, na biyu bayit 4, ai bayit 5 ke nan. Amma 8 ke isowa, kuma struct.unpack('<BI', data) na Python ya ƙi karɓa (B na lambar tanki, I na awon ruwa). Da na cire '<' sai ya tafi lafiya. A sanina '<' na nufin ƙaramin bayit ne gaba. Me ya haɗa shi da tsawo kuma?

Injiniya_Barnawa:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Alamar nan aiki uku take yi: jerin bayit, girman kowane nau'i, da ciko, wato bayit na banza da ake cusawa tsakanin abubuwa. Takardar bayanin Python ta zuba su a tebur ɗaya, ido kuwa kan tsaya a kan na farkon, jerin bayit. Da '<', '>', '!' da '=', duk ba sa sa ciko. In ba ka rubuta komai ba, '@' ake ɗauka, shi kuma C na kwamfutarka yake kwaikwaya. C na son uint32_t ya fara a adireshin da 4 ke rabawa, shi ya sa ya cusa bayit 3 na banza bayan lambar tankin.

Don ya yi aiki yau, kada ka sakankance, dace aka yi. Ranar da ka sauya zuwa Arduino Uno, 5 zai turo, don can babu ciko. Rubuta '<B3xI', 3x na nufin a tsallake bayit 3 na cikon, kowa ya ga ukun da idonsa.

Maman_Zara:
Injiniya, ni daga tushe zan gyara. A sa __attribute__((packed)) a struct ɗin don a hana C sa ciko, ya dawo 5, '<BI' ya zauna. Kuma kada wani ya ce maka ka juya su, babban ya zo farko. C zai mayar da cikon baya, 8 dai ne, alhali Python ba ya ciko a ƙarshe ko da '@'. Duba struct.calcsize('IB'), 5 zai ba ka.

Kakuri_Sola:
In aikin ya kai ka kan inbata ko mita mai Modbus, tsarin da na'urori ke musayar bayanai da shi, can babban bayit ne gaba. Ka karanta 258 da '<H' (H na lamba mai bayit 2), 513 za ka gani, kuma Python ba zai ce uffan ba. Wannan ya fi naka haɗari.

ɗan_Rigasa:
Na gode ƙwarai. Hajiya, na sa packed, 5 ke zuwa yanzu. Oga Kakuri, a Modbus, awo mai bit 32 da aka raba rajista biyu (ma'ajiya mai bit 16 kowacce) fa, wacce ke gaba?

Kakuri_Sola:
Wannan Modbus bai yanke ba, kowane kamfani da nasa. Sai ka buɗe littafin na'urar.